Bayan An Shafa Fatiha

A ofishin wata ƙungiyar manoman masara da ke Ƙanƙara akwai suna guda da ba a rubutawa, kuma kowa a ofishin ya san dalili. Sunan Rabo ne, bakaniken babura a Unguwar Gide, wani ƙaramin ƙauye can gaba da 'Yankara, daf da bakin daji. Babu wanda ba ya kawo mashi babur. Manomi ya kawo, ɗan acaɓa ya kawo, mutanen daji masu bindiga su ma su kawo, su kuwa ba a ce masu a'a. To shi Rabo Allah ya ba shi ido da kunne. In ya ga an jero mashi babura takwas rana guda ana cewa ya sake masu baƙin mai ya ɗaure birki, ya san akwai tafiya. Sai ya hau tudun bayan gari inda ake samun sabis, ya kira Mas'udu, malamin gonar ƙungiyar mai kula da Faskari, ya ce mashi kurum, "Kada a bi hanyar rafi jibi." Ya kashe waya. Shekara uku ana haka, ba a taɓa tare ma'aikacin ƙungiyar ko ɗaya ba. Amma kowa ya san ranar da mutanen daji suka ji labarin nan, ranar zaman Rabo a garinsu ya ƙare, in ma an bar shi da ransa.

Suwaibatu, sakatariyar ƙungiyar, ta san wannan tun ranar da ta karɓi aiki. Wanda ta gada, Malam Yahuza, shekara ashirin da biyu ya yi yana rubuta bayanin mitin a manyan littattafai masu baƙin bango, har idonsa ya gaji aka maida shi kula da sito. Ranar da zai miƙa mata makullin durowa ya zaunar da ita ya ce, "Ɗiyata, aikin nan doka guda gare shi. In Alhaji ya ce a yi addu'a aka shafa Fatiha, to mitin ya tashi. Abin da za ya biyo baya maganar hanya ce, wace za a bi, wace ba za a bi ba, wa ya faɗa. Wannan ba ta takarda ba ce. Ni rufe littafina nike in soke biro aljihu. Ke kuwa ki tashi ma ki ba su wuri, hankalin kowa ya fi kwanciya." Ta ce to, Baba. Kuma ta riƙe. Ana shafa Fatiha za ta gyara hijabi ta miƙe, mazan su jira har ta ja ƙofa, sannan ka ji an sassauta murya.

Abin da dattijon bai gaya mata ba shi ne azabar da ke cikin mitin ɗin kansa. Kai, Allah ya raba ka da mitin ɗin ƙarshen wata na ofishin nan! Mutanen Faskari su yi sammako, na Sabuwa su iso da laka har gwiwa, a zauna ƙarfe goma, sannan a kashe awa guda cur ana musun abin da aka ce watan jiya. Wannan ya ce Mas'udu aka ɗora wa kai iri Mairuwa, Mas'udu ya rantse da Allah shi bai ji haka ba. A ce sakatariya ta duba. Ta duba ta tarar a lokacin mutum huɗu ke magana tare, hannunta bai kamo ba. Ciyaman, Alhaji Sha'ibu, mutum ne mai haƙuri da mantuwa, sai ya gyara hula ya ce, "To a sake tattaunawa." A sake ɗin. Akwai daminar da maganin tsutsar masara ya yi sati uku a sito kowa na zaton wani aka ce ya kai, tsutsa kuwa ba ta jira mitin na gaba ba.

Suwaibatu ba ta da haƙurin irin wannan. Mace ce mai zafin nama, in abu ya tsaya mata a wuya har ɗan girarta rawa yake. Da aka tura ta wani horo na kwana uku a Katsina, ta dawo da wata manhaja a babbar wayar ofis. Ka ajiye ta tsakiyar tebur, ka danna jan maɓalli, shi ke nan. Ta saurara, ta rubuta, Hausa da Turanci duk ɗaya gare ta, har Katsinancin Alhaji ba ya gagarar ta. In an gama ta tace maganar ta jero maka: ga abin da aka yanke, ga wanda aka ɗora wa, ga ranar da zai gama. Daga nan dannawa ɗaya ce ya tafi guruf ɗin wakilan ƙauyuka na ƙananan hukumomin uku, mutum ɗari biyu da wani abu.

Wata na biyu aka ga amfaninta. Aka tashi maganar gonar gwaji ta Mairuwa, Mas'udu ya fara rantsuwarsa ta kullum. Suwaibatu ta laluba wayar ta danna. Sai ga muryar Mas'udu tangaram daga cikin waya tana cewa, "A bar mani wannan, ni zan je." Aka tuntsire da dariya har Alhaji na share hawaye da bakin babbar riga. Mas'udu ya ce, "Wannan aba ai sai ta hana mutum cin abinci!" Daga ranar musu ya mutu. Mitin ɗin awa huɗu ya koma awa ɗaya da rabi, mutanen Sabuwa suka riƙa isa gida kafin la'asar, wanda a hanyoyin nan ba ƙaramin abu ba ne. Malam Yahuza da aka yi zaton zai ji haushi, shi ya fi kowa murna, don ya gano ana iya ƙara wa rubutun girma. Ya zauna kan buhun iri a sito, ya ɗaga gilashi bisa goshi, ya karanta bayanin mitin tun daga bismilla har ƙasa, yana gyaɗa kai.

Alhaji ya riƙa nuna ta ga baƙi yana cewa, "Ga sakatariyarmu, ita ta fidda mu daga duhu." Kan Suwaibatu ya ɗan yi girma, kuma wallahi ba ta yi laifi ba, aiki ta yi. Sai dai da farko layi-layi take bin rubutun kafin ta tura. Wata ɗaya, wata biyu, wata huɗu, ba ta taɓa kama manhajar da kuskuren kirki ba. Sai ta koma duba sama-sama, ta ga abubuwan da aka yanke sun yi daidai, ta tura. Maganar Fatiha kuwa ba ta taɓa zame mata matsala ba, don in ta miƙe da wayar take fita, ta kashe ta a ofishinta.

Ranar da abin ya faru ƙarshen watan takwas ne, masara ta yi goyo ko'ina. Kwana biyu babu wuta, wayar ofis ta zo mitin saura ƙiris ta mutu. Aka tada janareta, Suwaibatu ta jona ta a soket ɗin bango, igiyar caja gajera, sai ta ɗora ta bisa wata kujera kusa da gwiwar Mas'udu. Sai wajen sha ɗaya da rabi aka fara, aka yi mitin lafiya lau. Alhaji ya ce a yi addu'a, aka ɗaga hannu, aka shafa. Ta gyara hijabi, ta dubi wayar ta ga cajin bai kai ko'ina ba, ta ce a ranta bari ya ƙara. Ta miƙe ta fita ta ja ƙofa kamar yadda ta saba, ta wuce alwala. Jikinta tashi ya saba da shi, kashewar a can ofishinta take yi, ranar kuwa ba ta je da komai a hannu ba.

Mazan nan duk sun ga wayar. Su bakwai, babu makaho a cikinsu, ɗan jan haske na ta ƙyaftawa a gabansu. Amma su a wurinsu sakatare mutum ne. Shekara ashirin da wani abu in sakatare ya rufe littafi ko ya fita, to an daina rubutu. Suka ga ta ja ƙofa, suka matso da kujeru, suka sassauta murya.

Abin da aka faɗa a ɗakin daga baya ta ji shi da kunnenta, don wayar ba ta bar komai ba. Mas'udu ya ce an yi mashi waya, kada kowa ya bi hanyar rafi wannan satin. Sai sabon malamin gonar da aka kawo Sabuwa, wanda bai fi wata biyu da fara aiki ba, ya ce, "Ni fa ina da feshi a wajen. Wai wa ke ba mu labarin nan ne? Ba zan bar aikina a kan an ce an ce ba." Mas'udu mutum ne mai saurin hawa. Ya ce, "An ce an ce? Rabo ne, bakaniken Unguwar Gide! Shi ke gyara masu baburan da hannunsa. Shekara uku bai taɓa yi mana ƙarya ba. In kana so ka bi, bi." Alhaji ya ce, "A'a, a'a, ya isa, a yi a hankali." Aka watse.

Da ta idar da azahar ta dawo ɗaukar waya, sai ta tarar jan hasken na nan. Ta ce, "Ash!" ta danna ta kashe. Lokacin da ya nuna awa biyu ne da minti goma, alhali ta san mitin ɗin bai kai haka ba. Ta gani da idonta. Nan ne wurin da har gobe ba ta manta ba. Wani abu ya sosa mata rai, ta tsaya da wayar a hannu. Sai zuciya ta ce mata ai ƙasa-ƙasa suke magana, ga ƙarar janareta, me za ta ji? Daidai nan Alhaji ya leƙo ya ce, "Sakatariya, a tura masu mana tun mutanen Sabuwa ba su fita sabis ba." Ta dubi allon. Abubuwa biyar da aka yanke suna nan reras, kowanne da sunan mai shi da ranarsa. Da ta ja yatsa sau ɗaya tak da ta ga akwai na shida. Ba ta ja ba. Ta ce, "An gama, Alhaji," ta tura.

Ana kiran la'asar Malam Yahuza ya faɗo ofishinta ba sallama, abin da bai taɓa yi ba. Gilashi bisa goshi, waya a hannu, yana haki.

"Suwaiba, kin karanta abin nan har ƙasa?"

"Wane abu, Baba?"

Ya miƙo mata. Rubutun ya ƙara mashi girma yadda ya saba, don haka kalmomin suka cika allon. Na shida: kada ma'aikata su bi hanyar rafi wannan satin. Wanda ya ba da labari: Rabo, bakaniken Unguwar Gide, ta hannun Mas'udu. An jera shi tsaf kamar sauran, babu kuskuren ko harafi ɗaya.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Suwaibatu. Ta sake faɗa. Ta buɗe guruf ta goge. Amma kafin ya ɓace ta ga adadin waɗanda suka buɗe: casa'in da huɗu. Awa biyu da rabi ya yi a waje.

"An goge, Baba. Na goge."

Dattijon ya zauna bakin benci. Ya ce, "Gobe kasuwar 'Yankara ke ci, ɗiyata, can kowa ke haɗuwa, har mutanen daji."

Aka kira Alhaji, aka kira Mas'udu da bai bar gari ba tukuna ya juyo da babur. Mas'udu ya kira lambar Rabo ya fi sau ashirin, ba ta shiga, kuma ba za ta shiga ba sai in Rabo da kansa ya hau tudu. Ya ce shi zai tafi yanzu-yanzu. Malam Yahuza ya riƙe mashi hannun riga ya ce, "Ka je ka tsaya bakin shagonsa da babur ɗin ƙungiya? Ai ka sa hannu a takardar ke nan." Mas'udu ya koma ya zauna ya dafe kai. Aka nemi wanda za a aika a ɓoye, aka rasa wanda za a gaya wa ba tare da an ƙara kunne ɗaya a cikin maganar ba.

Suwaibatu ta tsaya jikin bango tana jira a rufe ta da faɗa. Wallahi da an yi da ta ji sauƙi. Ba wanda ya yi. Mas'udu ya ce, "Bakina ne. Ni na kira sunan." Alhaji ya ce, "Mu duka muka ga wayar." Ita kaɗai ta san ta ga awa biyu da minti goma ta kau da kai, kuma a ranar ba ta iya faɗa ba. Kunya da tsoro suka rufe mata baki.

Washegari da hantsi wata ƙawarta da ke aure a Faskari ta turo mata hoto, ta haɗa da saƙon murya: "Ke Suwaiba, ki gaya wa mutanenku kada su bi hanyar rafi, ga shi nan ana ta yaɗawa." Hoton rubutunta ne. Ashe wani wakilin ƙauye, bawan Allah, da ya karanta sai ya ɗauki hotonsa ya tura wa ƙannensa 'yan acaɓa don kada su faɗa hannun mutanen daji. Su ma suka tura wa nasu. Babu wanda ya yi da mugunta, kowa ɗan'uwansa yake ceto, sunan Rabo kuwa yana manne a ƙasa yana bin su waya-waya.

Kwana uku ta yi ba ta san ɗanɗanon abinci ba. Ta zo ofis ta zauna, ta tashi, ta leƙa sito, ta dawo. Duk babur ɗin da ya tsaya ƙofar ofis sai gabanta ya faɗi. Ba ta taɓa ganin Rabo ba, ba ta san ko dogo ne ko gajere ba, amma ta yi mashi addu'ar da ba ta taɓa yi wa kanta ba. A rana ta biyu ta samu Malam Yahuza shi kaɗai ta gaya mashi gaskiya, cewa ta ga lokacin ya zarce, ranta ya ba ta, ta tura duk da haka. Dattijon ya saurare ta har ƙarshe. Can ya ce, "To kin faɗa. Ki riƙe shi, kada ki yar, amma kada ki bari ya kashe ki."

Rana ta huɗu Mas'udu ya shigo ya ce, "Yana raye. Yana nan Ƙanƙara." Suwaibatu ta zame ta zauna ƙasa dirshan tana hamdala. Sai ya ba su labari. Washegarin kasuwa wani mutum ya zo shagon Rabo, a ƙafa, ba babur. Ya zauna bisa benci, suka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi damina. Sannan ya fiddo waya ya nuna mashi hoton, ya ce, "Rabo nawa ke gyaran babur a garin nan?" Bai jira amsa ba ya tashi ya kakkaɓe riga ya tafi. Washegari ana idar da asuba Rabo ya loda matarsa da 'ya'yansa biyar da abin da hannu ya iya ɗauka a bayan wata a-kori-kura mai kai gawayi. Yanzu suna gidan wani ƙanen mahaifinsa a bayan tasha.

A ranar Alhaji ya kafa sabuwar doka. Kafin a ɗaga hannu a yi addu'a sai an kashe wayar a gaban kowa an fita da ita, kuma babu abin da zai tafi guruf sai mutum biyu sun karanta shi har ƙasa. Doka ce mai kyau, kowa ya yaba. Sai dai maganar hanya ta riga ta ƙare, don babu sauran mai hawa tudu. Ƙungiyar ta dakatar da duk wani zuwa gaba da 'Yankara, ƙauyuka tara suka ƙarasa damina ba su ga malamin gona ba.

Suwaibatu ta ce da Malam Yahuza, "Baba, ka raka ni."

"Mi za ki ce mashi?"

"Ban sani ba. Amma ba zan iya zama gari ɗaya da shi ban je ba."

Suka tarar da shi zaune a ƙofar zaure, akwatin sifanu tsakanin ƙafafunsa. Ɗan firit ne ashe, baƙin mai ya zauna mashi a farce. Ya tashi ya gaida Malam Yahuza da hannu biyu, ya ba shi kujerar da yake kai ya koma bisa dutse. Suwaibatu ta durƙusa daga gefe. Duk abin da ta shirya a hanya ya gudu, abin da ya fito kurum shi ne, "Malam Rabo, ni ce. Ni na tura. Ka yafe mani don Allah."

Ya dube ta ya kau da kai. Ya ce, "Tashi, Malama, ƙasar da sanyi." Ba ta tashi ba. Ya ɗauki wani ɗan sifana ya juya shi a hannu. "Ba zan ce maki ba ki yi kuskure ba. Kin yi. Amma ni ma tun ranar da na fara hawa tudun nan na san wata rana za a gane. Na ɗauka dai daga bakin wani za ya fito." Ya maida sifanan cikin akwati. "Na yafe. Masarar ce kurum ke mani ciwo. Sati uku ya rage a karya, bana kuwa ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba. Ba mai shiga gonar yanzu, ko ƙanena na ce kada ya kusance ta."

Malam Yahuza ya ce ƙungiya za ta nema mashi rumfa a bakin tasha ya ci gaba da sana'arsa. Rabo ya ce Allah ya saka da alheri, da muryar da ake amsa gaisuwar ta'aziyya. Sannan ya nuna cikin gida da haɓa ya ce, "Shiga ku gaisa da mai ɗakina. Tun jiya take tambaya wai wace ce mai rubutun."

Ɗakin da aka ba su na ajiyar dusa ne, an share an shimfiɗa tabarmi. Tukwane a jibge a lungu ɗaya, ƙullin kaya a ɗayan, ba a kwance ko ɗaya ba. Matar, Barakatu, tana zaune tana tsince wake a faifai. Ta amsa sallama ba ta ɗago ba. Suwaibatu ta zauna daga bakin ƙofa ta gaishe ta, ta fara ba da haƙuri.

Barakatu ta ce, "Shi ya yafe, na ji shi daga nan. Shi ai haka Allah ya yi shi." Ta ture faifan gefe, sai yanzu ta dube ta sosai, tun daga hijabi har takalmi. "Ke ce mai rubutun?"

"Ni ce."

"Yana wurinki?"

Suwaibatu ta so ta ce an goge. Amma hoton da ƙawarta ta turo yana nan a wayarta, ta kasa share shi. Ta ce, "Yana nan."

"To ki karanta mani. Ni ban yi boko ba. Kowa ya gani, 'yan acaɓa sun gani, mutanen daji sun gani, ni da aka fidda daga ɗakina ban san mi aka ce ba. Shi kuma na tambaye shi ya ce in bar maganar."

Suwaibatu ta fiddo wayar. Idonta ya cika har rubutun na rawa, ta goge da bakin hijabi. Ta karanta a hankali yadda matar za ta ji kowace kalma. Kafin ta ja numfashi na biyu ta gama.

Barakatu ta jira. Da ta ji shiru ta ce, "Ci gaba."

"Ya ƙare."

"Ya ƙare kamar yaya?"

"Iyakarsa ke nan, Yaya."

Matar ta miƙo hannu, Suwaibatu ta ba ta wayar. Ta riƙe ta nesa da fuska tana kallon 'yan layukan da ba ta iya karantawa, ta sa babban yatsa ta auna tsawonsu, bai ma rufe yatsan ba. Ta miƙa mata abinta.

"Shekara goma sha tara nike gidan can," in ji Barakatu. "Can na haifi 'ya'yana duka, biyu suna kwance a bayan gari. Ni wallahi na ɗauka abin da yawa ne."

Suwaibatu ta kife wayar bisa cinyarta. Hawaye kurum ke zuba, ta bar su. Barakatu ba ta ce mata yi shiru ba, ba ta kuma ce mata tashi ba. Ta jawo faifanta ta ci gaba da tsintar wake, don yara za su dawo da yunwa, tukunyar ma sai ta je ta aro murhun da za ta ɗora ta.